Kada Ku Wanke Labulen Rijiya

Zuwa ga Shugaban ƙungiyar 'yan wasan kwaikwayo ta garinmu, Ƙonni.

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka da aiki, da iyali, da sauran 'yan wasa. Ni ce Hadizatu, matar marigayi Illa Mai Fenti. Na zo wurinka har na gaji, kullum ka tafi taro, shi ya sa na ce a rubuta a manna inda kowa zai gani. Karatuna na lakwal bai yi nisa ba, maganata kuma ba ta da kwana.

Yaranka na yanzu ba su san Illa ba, bari in gaya musu. Da motocin siminti na Malbaza ya fara, shina zana musu zaki da dawisu. Daga nan 'yan wasa sunka jawo shi, ya koma zana manyan labulayen da ake ratayawa bayan masu wasa. Uku ya bar muku: na kasuwa, na gona, na rijiya. Yadin akokon da ya yi zanen bisanshi, ni na haɗa shi da allura. Jar ƙasar daga mahaifata Dogarawa nike ɗauko ta in niƙa, shi kuma ya dama da ƙaro, da shuni, da baƙin tukunya. Ba fentin gwangwani ba ne, don wannan ƙyalli gare shi, fitila na haska shi sai ya kashe ma 'yan kallo ido.

Na farko. Labulen kasuwa kunka ninke kamar zanen gado, kunka aje ƙasa. Ƙaro ba ya son ninki, tsagewa yake. Abin da ya rage gara ta cinye. Kai da kanka ka sha riƙe mishi gora shina naɗewa, tun ba ka da gemu. Ina ka kai wannan sanin?

Na biyu. Labulen gona kunka ba mata sunka wanke da omo, wai ya yi dauɗa ga baƙi tafe. Na san gyara kunka nufa. Amma abin da kunka kira dauɗa, ƙasar gonar ce. Na iske shi bisa igiya fari fat, gero da sararin sama duk sun bi lambatu. Ban yi kuka ba. Na dai tuna bayana da ya yi ciwo wurin niƙa.

Na uku, wanda ya sa ni magana. An ce mini za ku tafi wasa Tajaye da labulen rijiya, cikin buɗaɗɗiyar mota, ga hadari ya fara haɗuwa, kuma kuna shawarar ku ɗan goge shi da jiƙaƙƙen tsumma. Shi kaɗai ya rage.

Ina ta tunanin aikin nan. Magini ya mutu, ɗaki na nan. Mawaƙi ya mutu, muryarshi na cikin waya. Illa kuwa, motocin da ya zana an sayar da ƙarfensu, bangon shagunan an shafe. Ko wurin wasa ba shi ake tafa ma ba. Bai taɓa zana mutum ko guda bakin rijiyar nan ba, ya ce mutanen ku ne, shi wuri kawai yake share muku. Mai irin wannan aiki, in labulenshi ya tafi, kamar bai zo duniya ba.

Ga roƙona. Kada ruwa ya taɓa shi, ko na alwala. A naɗe shi bisa gora, zanen na ciki, a rataye nesa da ƙasa. Ka turo mini mutum biyu masu hankali in gwada musu tun hannuna na motsi. Tafiyar Tajaye a nemi rufaffiyar mota, ko a jira kaka.

Ba cewa nike ku maido mini shi ba. Ɗakina bai kai faɗinshi ba, kuma ba don tsohuwa ta zauna tana kallo anka zana shi ba. Na san zai ƙare wata rana, akoko ne. Amma ya ƙare a tsaye bayan 'yan wasa, ba cikin baho ba.

Allah ya ba ka lafiya da kunnen ji, ya kai ku Tajaye ya maido ku lafiya.

Wassalam.

Hadizatu, matar marigayi Illa Mai Fenti.