Iskar Safaya

Baba,

Na fita kana barci, ban so in tashe ka ba.

Ka yi mini afuwa, na sace iskar da ka hura wa tayoyina jiya. Mama ta ce ka wuni kana fama da famfo kana mita: "Wace irin direba ce za ta shiga hamada da taya kamar hantsar da aka tatse?" Ba faci suka yi ba, Baba, da gangan na rage. Yashin kogin Hoarusib ba ya son taya mai tauri, nutsewa take yi. Mai laushi kuwa shimfiɗuwa take kamar tafin giwa.

Uatjiri, abokin aikina, ya kira. An ga sawun giwar nan da muke bibiya, wadda ta ɓace tun lokacin fari, ga ɗan ƙaramin sawu yana bin ta! An yi ruwa a tudu, dole mu ƙetare kafin kogi ya kawo.

Ka ambace ni in za ka yi roƙo a gaban wutar kakanni da ake hurawa a gidanmu.

Tayar safaya kam ban taɓa ta ba. Iskarka na ciki, tare za mu je.

'Yarka,
Ngunoue