Ku Aura Zuwa Tudu

Daren Laraba, Haɗeja

Yau dai na yi abin kai. Tun farkon damina gwajin manhajarmu ta gargaɗin ambaliya ke faɗuwa jefi-jefi, kuma yana gamawa sai na'ura ta share log, bayanan abin da ya faru. Na hana ta sharewa. Abokin aikina Sale har da cewa, "Hadiza, shara kike tara mana."

Da la'asar gwajin ya sake faɗuwa, na buɗe sharar tawa. Ashe harafin ƙ ke zubewa a saƙon waya, "ku ƙaura zuwa tudu" ya koma "ku aura". Sale ya yi ta dariya. Ni na kasa, don gidan Innata a bakin kogi yake, can Kirikasamma.

Na gyara kafin magariba. In ruwa ya taso, saƙona zai riga shi isa wurinta, da ƙ ɗinsa.