Abin da Na Gani a Cikinka

Kakuri, Kaduna
7 ga Yuli, 1989

Bitrus nawa, ruwan farkon damina, inuwar ɗorawa da tsakar rana, sanyin randa bayan doguwar tafiya,

Ka san ban iya zaƙin baki ba, jami'a ba ta koya mini ba. Yau dole ta sa.

Shekara huɗu ke nan ina ɗaukar hoton cikin mutane a asibiti, aikin bai taɓa yi mini nauyi ba sai ranar da kai ka kwanta a gadon. Ina shafa maka man ɗaukar hoto a ciki, kana tsokanata, wai in duba ko tuwona ne ya ƙi narkewa. A allon na'urar na ga hanta ta kumbura. Na ga saifa da ɗigo-ɗigo baƙaƙe, kamar ganyen da ƙwari suka ci. Na ga kaluluwa jere a gefen babbar jijiya kamar 'ya'yan kanya. Sau biyu na taɓa ganin irin hoton nan, duka a masu ciwon da rediyo ke kira ƙanjamau.

Sai na juya allon, na ce likita zai yi maka bayani. Haka aka koya mana mu faɗa wa kowa. Amma kai kowa ne? Me ya hana ni riƙe hannunka? Ka ɗauka ƙyama ce. Tsoro ne, hasken idona, tsoro ne sanye da farar riga!

Da gwajin jini ya tabbatar, ka bar aikinka na masaƙa, ka bar gari, ko sallama babu. Na ji yayanka Dauda ya kai ka ƙauye wurin mai magani, wai abokan aiki ne suka yi maka sammu, har an ciro allura uku daga cikinka. Ikon Allah! Na'urar da ke nuna tsakuwa kamar ƙwayar wake ba ta nuna mini ko ɗaya ba.

Ba zan ruɗe ka ba, ciwon ba shi da magani. Amma likita yana zaton ɗigon saifar tarin fuka ne, shi kuwa ana maganinsa. In shekara za mu samu, ina so. In damina ɗaya ce, ina so!

Ni ma na ba da jinina. Sakamakon ya iso tun Litinin, yana jakata, ban yage ambulan ɗin ba. Ba zan buɗe ni kaɗai ba. Ka hau mota ka dawo, masoyina, ka zauna kusa da ni mu karanta tare.

Taka, ko me takardar ta ce, har numfashi ya ƙare,
Eunice