Takabar Mairama

Ruwan Bago, 9 ga Oktoba, 1988

Yaya Talatu,

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Ina mutanen Ƙaraye, ina Malam da yara? Ya ciwon ƙafar?

Rasuwa aka yi mana. Lado mijin Mairama ta ƙungiyarmu ya rasu a hatsarin mota, yana dawowa daga kasuwar Rogo. Ya bar ta da tsohon ciki, ga gyaɗa ta nuna a gona. Ranar Alhamis da ƙungiyarmu ta taru wajen tuyar ƙuli-ƙuli, shugabarmu Inna Hajo ta ce mazanmu su cire gyaɗar, mu mata mu tsinke mu ɓare. Sannan kowa ta ɗauki rana ta taya Mairama zaman takaba. Aka ba ni Litinin.

Yaya, kin san shekara biyu ba ma magana da Mairama, tun da ta yi mini gorin haihuwa a gaban jama'a ranar sunan jaririya Lami. Ko ta'aziyya daga bakin ƙofa na yi. Amma ba na iya yi wa Inna musu.

Ƙanwarki,
Lauratu

Ruwan Bago, 20 ga Nuwamba, 1988

Yaya Talatu,

Bayan gaisuwa da tambayar lafiyarku. Saƙon man zafi da kika ce a nemo yana hanya.

Litinin biyar na yi a ɗakin Mairama. Na yi shara, na dama mata kunu, muna ɓarar gyaɗa kowa kanta a sunkuye. A ta biyar ɗin ta kama bakin zanena, ta ce in yafe mata, baƙar maganar nan tana damunta kullum. Wallahi zuciyata ta yi sanyi, amma girman kai ya hana ni. Na ce wuta na jira na, na fita. Niyyata in amsa mata mako mai zuwa.

Ranar Juma'a da hantsi ta haifi mace. Jini ya ƙi tsayawa, ta cika a mota kafin a kai asibiti. Ni na riƙe wa Inna Hajo buta wajen wankanta.

Jaririyar tana nan da rai. Masu goyo uku a ƙungiya suna karɓa-karɓa wajen shayar da ita.

Don Allah ki tambayar mini Malam: in na ce na yafe yanzu, zai isa gare ta? Na faɗa ya fi a ƙirga, ni kaɗai a ɗaki. Ki aiko da amsa ta hannun direban ranar kasuwa.

Taki har kullum,
Lauratu