Suna So In Faɗi Abin Da Na Gani A Ɗakin Wankan Gawa

Assalamu alaikum jama'ar wannan gida, manya da ƙanana. Admin ki ɓoye sunana, ko da yake duk wanda ke zaune a New Bell, nan Douala, zai gane ni tun kafin ya kai ƙarshe. Ban yi makaranta ba, ban iya rubutu ba, saƙon murya na aika na ce a rubuta yadda na faɗa, kar a gyara mini magana. Don Allah ku ba ni shawara kafin ranar Juma'a, bayan Juma'a ba ta da amfani.

Ni mai wankan gawa ne. Shekara ashirin da bakwai mabuɗin ɗakin wanka na masallacinmu yana aljihuna. Ba albashi, ba sarauta. In namiji ya mutu a kartiyenmu, wato unguwarmu, a gida ko a asibiti, ni ake kira, ko ana ruwa ko ana rana. Tsohon da ya koya mini aikin, Allah ya jiƙansa, abu uku ya ce in riƙe, kar mayafi ya zame, kar hannu ya yi nauyi, kar baki ya buɗe. Abin da ka gani a jikin mamaci, kai da shi da Allah. Matata ma ba ta taɓa jin komai daga bakina ba, ta gaji da tambaya ta bari.

Sati biyar da suka wuce wani ɗan daudu ya rasu a bayan kasuwa. Zan kira shi Ɗan Ladi, ba sunansa ba ne. Tsoho ne, ya haura sittin, tuwo da miyar kuka yake sayarwa, da shinkafa da soyayyen kifi. Yana ɗaura zane, yana sa kwalli, yana tafiya yana karairaya, abokan sana'arsa Mama suke ce masa. Kowa ya san shi, kuma kowa ya ci abincinsa. Bikin da aka yi a kartiyen nan ba da tukunyarsa ba, kaɗan ne. Da hantsi ya faɗi a gaban murhu, aka kai shi ɗakinsa, rai ya fita. Gawar ta kwanta tun hantsi har azahar ta wuce, a zafin Douala, ba wanda ya taɓa ta. Maza suka ce su ba sa wanke mace, mata suka ce su ba sa wanke namiji, wasu na tsaye a ƙofa suna dariya. Wani ya ce a kira motar gwamnati ta kwashe shi zuwa morg, ɗakin ajiye gawa na asibiti, a binne shi tare da marasa kowa. Ba wanda ya aiko mini. A bakin wani mai benskin, ɗan acaɓa, na ji.

Na ɗauki makara na tafi. Wanda ya yarda ya zuba mini ruwa mutum ɗaya ne, Baba Modu, tsohon Babarbare mai gadin masallaci, idonsa ya mutu tuni, da lalube yake miƙo buta. Na wanke Ɗan Ladi yadda nake wanke kowa, na sa masa likkafani, sannan na je na buga ƙofar limaminmu na ce akwai gawa. Ya ce ta wa, na faɗa masa. Ya ce yana sallah? Na ce yana yi, a ɗakinsa, tunda in ya shigo masallaci sahu yake darewa. Malam ya ɗauki hularsa ya biyo ni. Mu bakwai muka yi sallar. Motar kifi ta wani abokina na Youpwé ita ta kai mu maƙabarta, kabarin ma ruwa ya cika rabi, da bokiti muka kwashe.

Za ku ce me ya kai ni. Zan faɗa sau ɗaya. Ina saurayi dako nake yi a Youpwé, ina ɗaukar kwandunan kifi. Wata damina amai da gudawa ya kama ni, mai gidan da nake haya ya fitar da tabarmata waje, ya ce kar in kashe masa yara. Kwana biyu ina kwance ƙarƙashin wata rumfa a bayan kasuwa, cikin ƙazantata, mutanen da nake sallah da su suna toshe hanci suna wucewa. Ɗan Ladi ne ya ja ni zuwa ɗakinsa. Ya wanke ni da hannunsa, ya yi ta ɗura mini ruwan gishiri da sukari, da na fara iya haɗiya ya koma koko. Ina jin kunya ina juya kai, shi kuwa yana cewa, “Ni 'yasu, ji min ɗan nema, mutuwa na ƙofa yana ta kunya, buɗe baki dallah.” Ban mutu ba. Ban ce daudu abu ne mai kyau ba, ban taɓa cewa ba. Na sha gaya masa ya bar zanen nan, sai ya ce, “Kai dai ci tuwonka, Alƙali, lahira ba kai ke riƙe da ƙofa ba.” Amma mutumin da ya wanke ni ina da rai, ba zan bar shi ya kumbura a ɗaki ba. Iyakar dalilina ke nan.

Yanzu maganar Malam. Kun san shi, shi ne mai shirin tambaya da amsa da Hausa a rediyo ranar Lahadi, daga nan har Kotto da Yassa ana saurarensa, samari in sun gan shi sai sun tsayar da shi an ɗauki hoto. Lahadin da ta biyo bayan jana'izar, sai wani ya buga waya, ya ce da wace hujja liman zai sallaci ɗan daudu. Na ji shirin da kunnena. Malam ya ce duk wanda ya mutu da kalmar shahada yana da haƙƙi a kan masu rai, wanka da likkafani da sallah da kabari, in kowa ya ƙi to laifin ya hau kan unguwa gaba ɗaya. Ya ƙara da cewa a cikin bayin Allah akwai wanda aka halitta da taushin murya da taushin tafiya, ba shi ya yi kansa ba, ba a jifarsa don haka, abin da kuma ya aikata da ganganci yana tsakaninsa da Ubangijinsa. Wannan ta biyun ita wasu suka yanko daga shirin. Suka liƙa hotonsa da tutar nan mai launi-launi ta 'yan luwaɗi, suka watsa a WhatsApp, wai Malam ya halatta namiji ya zama mace, wai Turawa sun saye shi. Kafin sati ya zagayo rediyo ta dakatar da shirin. Iyaye suka kwashe yaransu daga makarantarsa. Wani attajiri a Kotto da ya gayyace shi ɗaurin aure ya aiko a ce ya yi zamansa. Wata safiya aka kwarara masa ruwan kwata a bakin ƙofa. Sahun da ke cika har titi a bayansa ya koma layi biyu, kuma samarin da suka fi zaginsa su ne masu tsayar da shi a ɗauki hoto a da.

Sai wata magana ta fito, ban san bakin da ya haife ta ba. Ɗan Ladi ya taɓa yin shekara biyu a Gabon. Aka ce ai can ya je likita ya sauya masa halitta, wai ba namiji muka wanke ba, wai Malam ya sani ya rufe. Wannan maganar ita ta kawo ni gabanku. Kwamitin masallaci ya aiko mini da takarda da Faransanci, da hatimi, ni da ban iya karanta ko sunana ba. Sakataren kwamitin ne ya kawo da kansa, ɗan ofis ne, jikan wani da na wanke. Ya karanta mini, ya fassara, ya ce ranar Juma'a bayan sallah zan tsaya gaban jama'a in faɗi abin da na gani a ƙarƙashin mayafi. In na ce jikin namiji ne cikakke, Malam ya ci gaba da limanci, sauran maganar a yi masa nasiha a rufe. In na ce ba haka ba, ko na ƙi magana, to shirun amsa ce, za a sauke Malam, ya bar gidan liman shi da iyalinsa, ni kuma in ajiye mabuɗi. Ya ce, “Baba, c'est simple, kalma ɗaya ce.” Na ce masa kakansa ma kalma ɗaya ce, yana so ya ji? Ya naɗe takardarsa ya fita.

Kuma ku ma kar wanda ya tambaye ni a ƙasan wannan rubutu. Ba zan faɗa ba. Kar ku ɗauka shiruna yana nufin e, kar ku ɗauka yana nufin a'a.

Wasu sun zo sun ce mini ai addini ya yarda mai wanka ya faɗi alheri, sharri ne ake rufewa. Ban musa ba, ni ba malami ba ne. Amma ku duba da kyau. In na buɗe baki yau don abin da na gani mai kyau ne, gobe in aka tambaye ni game da wani na yi shiru, kowa ya san me shirun yake nufi. Shekara ashirin da bakwai shiruna iri ɗaya ne ga kowa, shi ya sa yake rufe kowa. Na wanke alhazai, na wanke 'yan giya, na wanke wanda aka tsamo daga kwata bayan ambaliya, na wanke mahaifin shugaban kwamitin nan da hannuna. Na ga abubuwa. Ranar da aka san ana iya tara jama'a a matsa wa mai wanka ya yi magana, ba sauran mamacin da ke da sutura a New Bell. Yau ɗan daudu ne don ba shi da dangi, gobe uban wani ne da ake rigimar gado a kansa. Na faɗa wa shugaban kwamitin haka a gaban shagonsa. Ya ce ina yi masa barazana, na ce a'a, ina gaya masa abin da yake nema ne. Ya ce ni wane ne, ɗan dako, da zan koya wa kwamiti addini. Na ce ɗan dakon da zai juya shi hagu da dama in ranarsa ta zo.

Da a kan mabuɗi ne kawai, da ban dame ku ba. Na kwana a titi, na ci abin da kare ya ƙi, mabuɗi ba zai sa ni kuka ba. Abin da ya tsaya mini a rai matar Malam ce. Shekaranjiya da safe ta zo gidana, ta durƙusa a tsakar gida gaban matata, mace mai daraja, ta ce Baba ka dubi Allah ka dubi yara shida, gidan liman a cikinsa ta haife su duka, ba su da inda za su. Ta ce mamaci ya riga ya tafi, ba abin da zai ji, mu ne masu rai. Ta ce kai ka buga mana ƙofa ranar nan, ba mu muka neme ka ba. Wannan gaskiya ce. Ni na buga. Da na bar shi yana hutawarsa, da yanzu yana rediyo. Na ce ta tashi, ƙasa akwai laima. Matata tun ranar ba ta yi mini magana ba sai ta ajiye abinci ta juya.

Na je wurin Malam da kaina bayan la'asar. Ya rame, rigar ta yi masa yawa. Na ce Malam me zan yi. Ya ce shi bai janye ko harafi ɗaya daga abin da ya faɗa ba, kuma ko da maganar Gabon gaskiya ce, da zai sallace shi. Na ce ba wannan na tambaya ba. Ya ce amanar tawa ce, ba zai ce in faɗa ba, ba zai ce in yi shiru ba. Yana faɗa ƙaramar 'yarsa tana leƙe ta labule. Da ya roƙe ni, da abin ya fi mini sauƙi, sai in ƙi ko in yarda. Bai roƙa ba.

To ga inda nake. Zuciyata ta riga ta tsaya a kan in je ranar Juma'a, in ajiye musu mabuɗinsu a kan tabarma, in ce ban ga komai ba sai bawan Allah, su nemi wanda zai riƙa wanke su yana ba da labari. Amma ba ni kaɗai zan biya ba, mutumin da ya ɗauki hularsa ya biyo ni ba tare da gardama ba, shi zai kwashe kaya a cikin damina. Shi ya sa nake tambaya, musamman masu ilimi a cikinku da dattawan da kwamitin nan ke jin kunyarsu. Akwai hanyar da Malam zai tsira ba tare da na ɗaga mayafin Ɗan Ladi ba? In akwai, ku faɗa mini a fili, da Hausa, admin za ta karanta mini. In babu, ku gaya mini wanda zan ci amanarsa, mai rai da ya taimake ni ranar jana'iza, ko mamacin da ya taimake ni ranar da nake mutuwa.

Masu zagi kuma na san kuna nan, ku zaga, na ji wanda ya fi naku. Duk wanda ya riga ni tafiya a cikinku, in aka kira ni zan zo, ko da mabuɗi ko babu. Zan wanke shi a hankali, in rufe shi da kyau, kuma ba wanda zai ji abin da na gani.