Tukunyar Waldata Na Sa wa Yayana

Assalamu alaikum jama'ar wannan shafi. Don Allah a ɓoye sunana, kuma ku ji ni har ƙarshe kafin ku zage ni, don na riga ku zagin kaina.

Ni mai walda ne a Damagaram. Shekarar korona yayana, wanda ya raine ni, ya kwanta da tari, numfashi da ƙyar, ga ciwon sukari. Dangi suka ce ba za a kai shi asibiti ba, wai in ya mutu can ba a ba da gawa a yi mata wanka. Sai ɗansa mai karatu a waje ya bugo waya, ya ce can akwai ɗakin ƙarfe da ake sa marar lafiya, a matsa masa iskar oksijin har ta ratsa jini. Kowa ya juyo ya dube ni. Ba da oksijin nake yanka ƙarfe ba? Ni kuma da son a ce na iya, na ɗauko tukunyar oksijin ta shagona a amalanke, na haɗa tiyo, na buɗe ta sosai, tunda an ce matsi ake so.

Yaya ya daina cin abinci, mu kuwa ba mu fasa ba shi ƙwayar sukarinsa ba. Rana ta uku da hantsi ya jiƙe da zufa, hannunsa na rawa, ya ce, "Ƙanena, cire mini abin nan, yunwa nake ji." Na ce, "Yaya, daure tukuna, magani ne ke aiki." Na mayar masa da tiyon da hannuna. Kafin azahar ya cika.

Bayan arba'in wani majo, ma'aikacin jinya, ya kawo gyaran ƙofa, na tambaye shi kamar labarin wani ne. Ya ce, "Wane mahaukaci ne wannan? Tukunyar walda ba ta mutum ba ce. Ko a ɗakin nan na gaske sai lokotoro, wato likita, ya auna sukari kafin a shiga, don sukarin yakan faɗi. Zufa da rawar hannu? Ai sukarinsa ne ya faɗi, da ko dabino aka ba shi da ya farfaɗo." Dabino! Yana nan cikin kwano a gefen katifarsa.

Waɗanda suka hana asibiti sun yi wankan gawarsu, hankalinsu kwance. Har yau nuna ni suke, wai ga wanda ya yi wa ɗan'uwansa ƙoƙari. Wallahi gara su tofa mini yawu.

Jiya matar marigayin ta zo shago. Mahaifiyarta a Tirmini tana tari, ita ma mai sukari ce. Ta ce, "Kai ka san kan abin. Ka yi wa Inna yadda ka yi wa Malam." Na ce ku kai ta asibiti, tukunyar ba iska. Ta ce, "Ba komai, sai mu jira ka cika ta."

In na yi shiru tsohuwa tana can tana jirana. In na faɗa, da wane baki zan ce mata mijinta abinci ya roƙe ni? Me zan yi?