Hannun Bakari Bai Kai Kunne Ba

Tudun Wada, Gombe,
22 ga Satumba, 1976.

Zuwa ga yayana, Hamma Rufa'i,

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Yaya karatun aikin jinya, yaya zaman Zariya? Mu nan lafiya lau, maigidana Malam yana gaishe ka daga kan keken ɗinkinsa.

Hamma, wani abu ya same ni da na kasa gane kansa. Ranar Litinin na kai ɗana Bakari a rubuta shi a makarantar nan ta kyauta da gwamnati ta buɗe wa kowa. A can na tarar da yayarmu, Adda Khadijatu, ta kawo nata ɗan, Bappayo, a sabuwar motar mijinta. Malamai ba sa tambayar shekaru. Yaro zai ɗora hannu ta saman kai, in ya taɓa kunnen ɗaya gefen an ɗauke shi. Bappayo ya taɓa nasa yana dariya. Bakari ya miƙa, ya karkata wuya, har ya yi ɗage a kan yatsun ƙafa kamar hakan zai taimaka, hannun bai kai ba. Malamin ya ce in dawo da shi bayan shekara biyu, wai bai wuce huɗu ba. Na rantse masa ya kusa bakwai, ya girmi Bappayo da wata goma. Ya dube ni kamar maƙaryaciya.

Tun daga ranar kowa da abin da yake faɗa. Malam ya ce gado ne, kakansa gajere ne. Mahaifiyarmu Inno ta zo daga Kwadon duba jikanta, ta ce baki ne ya kama shi. Maƙwabciyata ta ce tsutsar ciki. To amma yaron nan ba ya ciwo, ya fi duk yaran layinmu gudu, kuma kullum yana shan kokonsa yana cin tuwonsa. Kai da kake karanta jikin mutum, don Allah ka gaya mini, me ya tsayar da shi?

Ka huta lafiya.
Ƙanwarka, Safiyyatu.

Tudun Wada, Gombe,
14 ga Nuwamba, 1976.

Hamma Rufa'i,

Ina gaishe ka da kyau, ina fatan zazzaɓin da ka ambata ya sake ka. Wasiƙarka ta iso, na kuma bi shawararka na kai Bakari asibitin yara. Adda ta raka ni, da Bappayo.

Wata ma'aikaciya muka samu, Sista Augustina, Inyamura ce amma Hausarta ta fi ta wasunmu. Ta ɗora shi a sikeli, ta jingina shi da bango ta auna tsayinsa, ta zagaya damtsensa da wani ɗan tef. Sai ta tambaye ni me ya ci bayan yaye. Na ji kunya, Hamma. Ka tuna an yaye shi ke nan fari ya shigo, mutane suka daina ɗinki, muka yi shekara biyu daga kunun kanwa sai tuwo da miyar kuka tsura. Ta ce mini cika ciki daban, gina jiki daban. Wai ba gado ba ne, ba baki ba ne.

Na ɗauka shi ke nan, nawa ne mai matsala, na Adda ne lafiyayye. Sai ta auna Bappayo, ta ce shi ma jikinsa bai yi mata ba, kitse ne ya yi masa yawa, a rage masa lemon kwalba da biskit. Adda ta fusata, ta ce hassada ce. Ni kuwa kaina ya ƙara ɗaurewa. Rama ba kyau, ƙiba ba kyau, to ina mutum zai tsayar da ɗansa?

A hanya Adda ta ce in ba ta Bakari ya zauna wurinta a Gabukka, tunda tun da mijinta ya samu kwangilar dakon siminti nama da madara ba sa yanke musu. Bayan kwana uku Malam ya ɗinka wa yaron riga biyu ya ce a kai shi. Jiya Bakari ya tafi. Ban san ko na kyauta ba.

Taka har kullum, Safiyyatu.

Tudun Wada, Gombe,
17 ga Afrilu, 1977.

Hamma,

Gaisuwa da fatan jarrabawa ta zo da sauƙi. Ka yafe mini shirun, na fara rubuto maka sau biyu ina yagawa.

Bakari ya yi wata biyar a gidan Adda. In ka gan shi ba za ka gane shi ba, ya yi kumatu, ya yi wuya, wandonsa ya matse shi a ƙugu. Da murnata na mayar da shi wurin Sista. Nauyi ya hau sosai. Ƙarin tsayi kuwa ko faɗin yatsa bai cika ba. Ta ce zai ƙara in Allah ya so, amma tsayin da yaro ya rasa yana ƙarami da wuya ya dawo duka, sai dai jiki ya yi faɗi. Daga nan ta leƙa bayana, inda na goya ƙanwarsa Jumma, wadda nake shirin yayewa. Ta ce in sauko da ita. Ta auna damtsenta, ta sake aunawa. Sannan ta ce, "Maman yara, wannan ce lokacinta bai wuce ba."

Ka ji, Hamma. Ashe wadda ta fi buƙata tana bayana duk watannin nan, ni ina can ina leƙen ɗan'uwanta.

Adda ta ce in kawo Jumma ita ma. Malam ya ce ba za a ce a Tudun Wada ya haifi 'ya'ya wani na ciyar masa da su duka ba, kuma ban ga laifinsa ba. Na so in karɓo Bakari. Da ya zo yini ranar Juma'a ya zauna a bakin tabarma kamar baƙo. Na tambaye shi ko yana so ya dawo gida, ya sunkuyar da kai, ya ce akwai burodi a nan? Na bar shi ya koma.

Jumma kuwa tana hannuna. Na daina sayar da ƙwan kajina, na sa ana kawo mini wake da gyaɗa daga Kwadon. Inno ta aiko cewa yaron da ya saba da ƙwai ɓarawo yake zama, Sista ta ce a ba ta kullum. Ban san wadda ta fi gaskiya ba, na dai zaɓi ɗaya. Yau da safe na dafa mata, ta ci rabi ta tofar da rabi a zanina. Na tsince na sake ba ta, ta haɗiye.

Ka sa mu a addu'a. Allah ya dawo mana da kai lafiya.

Ƙanwarka, Safiyyatu.